Furar da Anka Dama da Iri

Dogon ƙarfen yana nan tsaye cikin gonata har yau, gabas ga gari, in ka fita kamar za ka Gatawa. Ba ya magana, ba ya 'ya'ya, inuwarsa ko akuya ba ta isa. In baƙo ya tambaya, wasu su ce masa ƙarfen sabis ne, wasu su nuna ni da baki su ce nawa ne, a yi dariya. Ni ma ina taya su, don in ka riga mutane yi wa kanka dariya ka rage musu daɗinta. Amma ba ƙarfen ne ke ci mini rai ba. Abin da na rasa gero ne.

Ubana bai bar mini shanu ba. Karatu kuwa ya gwada, Allah ya ba shi ladan gwaji. Allo na tsaya daidai inda ake samun na salla, boko kuma aji biyu na yi na fita ta taga ban koma ba. Abin da ya bar mini shi ne gona kan jigawa, da irin gero nai. Gargasa ce, zangarniya gajera mai gashi, tsuntsu ba ya iya zama kanta ya ci, kuma tana nuna da wuri tun ruwa bai ɗauke ba. Shi ma ga ubansa ya same ta. Kowace kaka, kafin a ɗaure dami, yakan bi gona shi kaɗai yana zaɓen zangarniyar da ta fi cika, ya murje da hannu, ya gauraya da toka don ƙwari, ya ɗura cikin wani babban gora ya toshe, ya rataye a ɗakin uwata. Da sunka rasu goran ya koma ɗakin matata.

Doka biyu ya bar mini tare da goran. Ta farko, iri ba abinci ba ne, ko yunwa ta kai ka ga tauna takalminka ka tauna, ka bar goran inda yake. Ta biyu, ba a shuka shi duka a tashi ɗaya. Rabi ga ruwan farko, rabi a ajiye, don ruwan farko maƙaryaci ne.

Wanda bai yi noma a ƙasarmu ba yana zaton fari shi ne sama ta ƙi zubo ruwa. Da haka ne da sauƙi, sai ka zauna da irinka ka yi ta roƙon Allah. Farin da ya same mu shekarun nan mai wayo ne. Ruwa zai sauko sosai, ƙasa ta yi ƙamshi, kowa ya ɗauki sungumi, a shuka, tsiro ya fito kore shar, sa'an nan ruwan ya tafi yawonsa. Sati biyu, sati ukku, rana ta soye tsiron. In ya dawo, sai ya iske ba ka da abin da za ka sake ba ƙasa.

Cikin wannan hali wata mata ta zo daga Sakkwato, muna ce mata Malama. Ita ke riƙe da wata 'yar ƙungiya da ba ta neman riba. A zauren mai gari ta yi bayani cewa kamfanonin waya ba za su kafa mana ƙarfe ba don mun yi kaɗan kuma aljihunmu ya yi sauƙi, abin da mun riga mun sani, tunda in mutum zai kira ɗansa sai ya hau tudu ya ɗaga waya sama yana farautar sabis ɗin Nijar. Ta ce akwai wasu mutane ƙetaren teku da ke ba da tallafi don irin wanga aiki, sun yarda su ɗauki nauyi shekara ukku, daga nan a duba. Wuri mai tudu take nema. Duk garin babu gonar da ta kai tawa tudu, abin da tun ina yaro ake yi mana gori da shi. Ranar ce ta farko da na ji an yabi aibin gonata. Mai gari ya dube ni, na ce a ɗauka, kafin ma in san ko nawa za a ci daga cikinta. Anka naɗa ni mai gadi. Aikina in goge faifan sola kowace safiya, in kori awaki, in kuma na ga jar fitila ta kama cikin akwatin na'urar da ke gindin ƙarfen in gaya wa injiniya.

Injiniyan kuwa Bayarabe ne, haihuwar Arewa, Hausa a bakinsa kamar ya ara mini. Ranar da ya sauko daga mota ya ga zanen Gobir a kumatuna, sai ya ce wa Malama ashe bayinsa anka kawo shi yi wa aiki, ni kuma na ce a bincika motar da kyau ko ya taho da tukunyar barkononsa. Kowa ya san tsakanin Bagobiri da Bayarabe wasa ne tun kaka da kakanni, ba fushi, ba kuma maganar da za ka ɗauka ka aje. In ya hau ƙarfe in ɓoye takalmansa sai ya fanshe su da goro. Shi kuma ya taɓa kirana gefe, fuska ba dariya, ya ce na'urar nan daga ƙasar masu ladabi ta fito, in ba a gaishe ta da safe ba ba ta aiki da kyau. Kwana bakwai ina durƙusawa gaban akwati ina tambayarsa kwanan gajiya, sai da matar maƙwabcina ta gan ni ta kai labari bakin rijiya. Tun daga ranar na ɗaure wa kaina cewa duk abin da ya fito bakin mutumin nan, in ya ce gabas in nufi yamma.

Gaskiya ƙarfen ya yi aiki. Garuruwan da ke kewaye da mu, har Kurawa, muna kiran juna ba a cire mana komi. Tsofaffin mata sunka riƙa jin muryar 'ya'yansu da ke ci-rani a Kudu suna zaune kan tabarmarsu. Malaman makaranta suna jingina da shingen suna shiga intanet, Fulani suna tambayar juna wace rijiya ce ba ta ƙafe ba kafin su kora dabbobi. Ni duk wannan bai dame ni ba kamar muryar safe. Bayan an fito masallaci waya takan yi ƙara, wata mata da ba mu taɓa gani ba ta faɗi yadda sama take ciki, ta ce ga inda ake sa ran ruwa, ta ce a shuka ko a dakata.

Shekarar farko ruwa ya sauko, gari ya fita da sungumi, muryar ta ce a dakata, akwai rana mai tsawo bayan wannan ruwan. Na dakata. Ba don imani ba, kunya ce, kada a ce mai gadin ƙarfe ya saɓa wa ƙarfensa, ga kuma ƙyuya da ta samu abin fakewa. Waɗanda sunka shuka sunka yi hasara, ni irina yana rataye. Shekara ta biyu gari duka ya dakata tare da ni. Sai ga ni na zama mutum. Liman da kansa, kafin ya sa a fita roƙon ruwa, yakan biyo ta ƙofar gidana kamar hanya ce ta kawo shi, ya tambayi abin da matar ta ce. Na fara tafiya a hankali irin ta manya. Na daina duban sama. Ubana yakan tsaya da safe ya shaƙi iska, ya dubi inda shamuwa ta yi sheƙa da yadda tururuwa ke kwasar ƙwai, ya ce yau ko gobe. Ni ɗan abin da na tsinta daga gare shi na aje, na rataya waya a wuya.

Sai dai murya ba ta kawo ruwa, faɗi kawai take. Damina ta ukku mun shuka daidai lokaci, ruwan ya ɗauke gero na cikin fidda kai. Abin da na samu na cika goran tukuna, saura bai kai mu tsakiyar rani ba. Kafin bazara ta shigo muna cin tafasa da anza, wadda sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana zubar da ruwan kafin ɗacinta ya bari a haɗiye. Ba gidana kaɗai ba, amma ba mai faɗi. Ka iske mutum bakinsa ya bushe, ka tambaye shi gida, ya ce lafiya lau sai godiya.

Lokacin ne Malama ta aiko cewa masu tallafin za su turo mutum biyu su gani da idonsu, daga abin da sunka gani za a san ko a ci gaba. Ta ce mu faɗi gaskiya kawai. Mai gari ya ce tunda a gonata za a taru, kuma Allah ya hore mini baki ko da bai hore mini komi ba, ni za ni yi magana da sunan gari.

Ana gobe za su zo, da la'asar, Bayaraben ya same ni ina gyara shinge. Ya dafa kafaɗata ya ja ni bayan akwati.

"Baba, gobe kada ka sa babbar riga. Ka fito da wannan da ke jikinka. In sun tambaye ka, ka ce ba ku da abinci, ka ce in sun cire hannu ƙarfen ya mutu. In kana iya kuka ka yi."

Na dube shi. Ba dariya a fuskarsa. Amma ranar gaisuwar akwati ma ba dariya a fuskarsa.

"Kai dai ba ka gajiya," na ce. "So kake ka ga Bagobiri na kuka gaban baƙi, ka samu labarin kai wa danginku har shekara goma."

"Wallahi ba wasa nake ba. Na yi aiki da mutanen nan wurare da yawa, na san kunnen da suke ji da shi."

"Wancan karon ma ka rantse."

"Ban rantse ba wancan karon, ka tuna da kyau."

Na fizge hularsa na kifa a kaina, na ce sai ya kawo goro. Bai biyo ni ba. Da ina da hankali da nan na tsaya, don bai taɓa barin hularsa ta kwana hannuna ba. Amma ni a raina na ce sabon salo ne.

Da safe mai gari ya yanka akuyarsa ta ƙarshe. Fura kuwa a kaina take, don baƙon da ya taka gonarka naka ne. Na shiga ɗakin matata na iske ba ko tsabar da kaza za ta tsinta. In na bi maƙwabta nema na tona musu asiri na tona nawa. Na ɗaga kai na dubi goran. Ita ma ta ga inda nake duba.

"Malam, iri ne fa."

Na ce na sani, rabi kawai za ni ɗiba. Na zauna na yi mata wa'azi irin na wanda ya riga ya yanke abin da zai yi. Na ce rabin na biyu don mi ake aje shi, in ba don ruwan farko na ƙarya ba? To mu yanzu muna da mai gaya mana ƙaryar ruwa. In baƙin nan sun ji daɗi ƙarfe ya zauna, in ƙarfe ya zauna shuka ɗaya ta ishe mu. Wato furar nan ita ma shuka ce. Har na ji daɗin maganar a bakina, na so a ce akwai mai ji ban da ita.

Ta ce, "Tsohonka bai ce in ka samu dalili mai kyau ka ci ba."

Ta miƙe. Ta sauko da goran da kanta, ta zuba rabi cikin ƙwarya, ta wanke tokar ruwa ukku, cikin ruwan da ta yi sammako ta ɗebo. Ta surfa, ta ba wata Bafulatana dusar ta karɓo ɗan nono. Ina jin dakan daga waje. Matata in tana daka takan yi 'yar waƙa tana tafi tsakanin taɓarya da taɓarya. Ranar turmi kaɗai ke magana.

Baƙin sunka iso da hantsi, mota biyu. Wata dattijuwar Baturiya mai faffaɗar hula, da wani baƙin mutum ɗan wata ƙasa mai riƙe da takardu, Malama na yi musu tafinta. Gari duka ya fito, har surukaina na Kurawa, dangin mijin ɗiyata, sun zo kallo sun zauna sahun gaba. Ni kuwa na sha babbar rigar da na yi aure da ita, na goge faifan sola har suna ɗaukar ido.

A nan ne nake jin ɗacin mutanen nan har gobe. Sun yi karatu, sun ƙetare teku, sun san yadda ake kama magana daga iska a sa ta cikin waya, amma ba wanda ya gaya musu ba a tambayar magidanci ko yana jin yunwa gaban surukansa. Da Baturiyar ta ja ni gefe, ko ta shiga cikin gida ta buɗe tukunyar matata, da ta ga anza na jiƙe. Sai ta tsaya tsakiyar taro, ta sa Malama ta tambaye ni da ƙarfi yaya abinci bana.

Na ce alhamdu lillahi, sai godiya.

Mai takardu ya rubuta. Ta tambayi amfanin ƙarfen, na zuba mata, wannan kam ba ƙarya a ciki. Sa'an nan ta yi tambayar da ta kawo su. Ta ce in wata rana sun janye hannunsu, mutanen gari za su iya riƙe abin da kansu?

Na dubi surukaina, na dubi mai gari, na ga ido duka a kaina. Na gyara hannun riga. Na ce a gaya mata nan Gobir ce. Na ce kakanninmu da baka da kibiya sunka riƙe garuruwansu, ba su roƙi kowa ba, ƙarfe guda mai ƙafa huɗu ba shi ne zai gagare mu ba. Na ce ko yau sunka tafi, mu gode musu, mu ɗora daga inda sunka aje. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, maza sunka ɗaga murya, surukina babba ya jinjina mini hannu. Rabon da in ji kaina ya yi girma haka tun ranar da anka ɗaura mini aure.

Malama ba ta juya maganar zuwa Turanci nan da nan ba. Ta matso ta rage murya.

"Baba, haka za ni faɗa masu?"

"Ki ƙara gishiri ma, ɗiyata."

Ta faɗa. Baturiyar ta dafa ƙirji, idonta ya kawo ruwa, ta kama hannuna da hannu biyu. Na waiga ina neman Bayaraben in yi masa gwalo. Yana zaune kan siminti ƙarƙashin ƙarfen, ya ba mu baya, kansa ba hula.

Anka kawo furar cikin sabuwar ƙwarya da faifai a kai. Baturiyar ta ɗauki ludayi ta taɓa a leɓe, ta ce da daɗi ƙwarai, ta ɗauki hoton ƙwaryar, ta buɗe gorar ruwanta ta sha. Mai takardu ya shafa ciki ya ba da haƙuri. Direbansu ne ya yi ludayi biyu. Kafin azahar sun tafi, akwai wani gari da ke jiransu. Sauran furar surukaina sunka sha da mutanen gari, ni ma na sha, kuma ba za ni ɓoye ba, ban taɓa shan fura mai daɗinta ba. Matata ta ce azumi take.

Bayan kamar wata biyu Malama ta dawo, wannan karon bisa babur na kabu-kabu, ba mota. A zauren mai gari ta ce masu tallafin sun yaba ƙwarai. Sun ce duk wuraren da sunka zagaya ba inda ya kai mu, mun tsaya da ƙafafunmu, don haka za su kai tallafin inda anka fi bukata. Ta fiddo wani littafi mai sheƙi da sunka buga. Ga ni a bangonsa cikin babbar riga, baki har kunne, haƙoran da sunka rage mini duka a waje. Ta ce maganata ce a rubuce ƙarƙashin hoton da Turanci.

Ta yi bayani cewa muryar safe saye ake daga nesa, ita da hanyar da ke haɗa mu da sauran duniya, ƙarshen wata za a yanke. Kiran junanmu zai ɗan jima, sai ranar da batura sunka gaji. Mai gari ya tambayi abin da ake bukata a riƙe. Da ta faɗi kuɗin, wani ya fara karkaɗe takalminsa. Na ce ta rubuta musu ta ce tsohon nan mahaukaci ne, gari duka zai sa hannu. Ta yi murmushin da ba na daɗi ba. Ta ce ta rubuta, ta rubuta wa wasu ma. Ta ce ita shekara ukku tana tsakanin wuta biyu, in ta rubuta muna wahala su ce aikin bai yi amfani ba, in ta rubuta muna lafiya su ce aikin ya ƙare. Ta ce kada in ɗora wa kaina duka, wataƙila sun riga sun yanke tun kafin su taso, bakina kawai sunka ara. Na san don ta sanyaya mini ta faɗa. Bai sanyaya ba, don ko aro ne ni na miƙa da hannu biyu.

Muryar ta ɗauke ranar da anka ce. Wata bai cika ba bayan haka hadari ya haɗo daga gabas da la'asar, ya zubo ruwa mai kyau, har kwazazzabai sunka yi gudu. Da gari ya waye na tafi gona na tona da hannu, laima ta wuce wuyan hannuna. Na tsaya ƙarƙashin ƙarfen na ɗaga waya sama kamar wawa, ko matar za ta manta an sallame ta ta yi magana. Na shaƙi iska yadda ubana ke yi, ban ji komi ba sai ƙamshin ƙasa, wanda shi ne ke ruɗin kowa. Na nemi tururuwa, na same su, na tsuguna ina kallonsu suna ta harkarsu, ban san abin da suke faɗi ba. Mutane sunka fara biyowa da sungumi a kafaɗa, kowa ya iso sai ya rage tafiya ya dube ni, sun saba. Wani ya ce, mai ƙarfe, mi anka ce? Na ce an ce kowa ya yi ta kansa.

Ranar ban shuka ba. Matata ta ce mu dakata ruwa na biyu. Na ce in wannan ne na gaskiya fa, munka bar laima ta tsere, damina gajera, gero bai kai ba? Ta ce to mu raba abin da ya saura biyu. Na zuba a ƙwarya na duba. In an raba, kowane kashi ba zai rufe ko rabin gonar ba, ko ya yi kyau ba zai ciyar da mu ba. Laima kuwa ba ta jiran mai shawara. Kwana na biyu na ga gonakin maƙwabta duk an sare, na ɗauki sungumi. Ina sara tana bina tana jefa iri tana rufewa da diddige, har goran ya koma ba komi sai ƙurar toka.

Ya tsiro. Kwana biyat gonar ta yi layi-layi kore, har na fara shirya abin da za ni ce wa masu dariya. Daga nan sama ta wanke fes. Kullum da safe in fita in duba gabas, yanzu da na koyi duban sama ba abin gani. Sati na biyu tsiron ya naɗe ganye kamar allura. Anka fita roƙon ruwa, liman bai biyo ta ƙofata ba. Sati na ukku iska ta taso da rairayi mai zafi ta bi ta kansa. Na bi layi ina tonawa ko akwai wanda ya yi jinkirin fitowa, ba ko ɗaya. Ruwan gaskiya ya zo bayan kusan wata guda. Waɗanda sunka bi dokar iyayensu sunka fiddo rabinsu na biyu. Ni mai gari ya sammini wani iri da anka rabo daga ƙaramar hukuma, gero ne dai, tsuntsaye sun gode.

Na nemi gargasar ubana. Akwai mutum biyu da na taɓa ɗiba wa shekarun baya, ɗaya ya cinye nasa da yunwa, ɗaya ya gauraya da wani har ba a gane shi. Na je kasuwar Sabon Birni, na je Bafarawa, na je Isa, ina sa hannu cikin buhunan mutane ina murzawa ina shinshinawa har 'yan awo sunka fara korata. Akwai gargasa iri-iri a duniya. Tamu dai ban sake gani ba.

Da kaka Bayaraben ya zo kwance akwatin da faifan sola, za a kai wani gari inda wasu masu tallafi daban sunka karɓa. Ƙarfen ya ce a bar shi, kwance shi ya fi shi tsada. Na kawo masa hularsa, na ce na yafe goron. Ya karɓa ya sa a aljihu. Na jira ya ce mini bawa, ko ya tambaye ni ina kakannin nan masu baka da kibiya, na ma shirya amsa. Sai ya tambaye ni yaya Mama, yaya gona. Na buɗe baki za ni ce lafiya lau, na rufe. Ya ɗaure kayansa, ya ce Allah ya sa mu gana. Duk zagin da anka yi mini a garin nan ba wanda ya kai wannan ladabin ciwo.

Littafin mai hotona yana nan, matata na rufe tulu da shi, ta ce bangonsa ba ya jin ruwa. Goran kuwa ta wanke ta mayar inda yake rataye. Bana da kaka na zaɓo zangarniya daga geron hukuma, na murje, na gauraya da toka na kai mata. Ta karɓa ta ɗura cikin wata tsohuwar jarka, ta aje bayan ƙofa.